Kwali, algarara ko leda mai "ruɓewa": wanne ya dace da kayan da za su ƙetare teku daga Kumasi?

Duk mai tura man kaɗe, sabulun salo, busasshiyar citta ko doya daga Kumasi zuwa Turai ya fara jin sabuwar tambaya daga bakin masu saye: a cikin me za ka zuba kayan? Tambayar tana da tushe. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2025/40 ta ce zuwa 2030 duk abin da aka ƙunshe kaya da shi sai ya zama wanda za a iya sake sarrafawa, kuma fankon wuri a cikin kwalin sufuri kada ya wuce rabi. Ingila kuwa tun Afrilun 2022 take karɓar haraji kan robar ƙunshe kaya wadda tsohuwar robar cikinta ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba. Mai saye ne zai biya a can, amma a farashinka zai fanshe.

Ma'aunin farko dai laima ce. Ana rufe kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema da iska mai zafi da danshi, ta yi makonni a kan ruwa tana shiga sanyi, sai gumi ya taru a rufinta ya riƙa ɗiga a kan kaya. Mazubin da ya kasa jure wannan, ko da ganyen ayaba aka yi shi, ya cuci muhalli, domin kayan da suka isa da fumfuna bola za a kai su, ga man jirgin da aka ƙone a banza.

Da wannan ma'aunin, kwali mai ninki biyu ya yi wa sauran fintinkau. Idan ka yanka gefensa za ka ƙirga takarda biyar, uku shimfiɗaɗɗu, biyu masu lanƙwasa a tsakaninsu. Masu kamfanin kwali suna ce masa BC, kaurinsa wajen milimita 6 zuwa 7. Babu garin Turai da ba a tattara irinsa a mayar da shi takarda, ba ya buƙatar gashi ko feshi kamar katako, kuma a ninke yake zuwa, ba ya cin wuri a sito. Ka nemi wanda fatarsa ta waje kiraf ce, wato sabuwar takarda mai dogon zare, domin ita ke daɗewa kafin danshi ya ci ta. Ta tsakiya ko tsohuwar takarda ce ba laifi.

Rauninsa ɗaya ne, kuma lissafi ke maganinsa. Idan danshin iska ya kai kashi 90, kwali yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, ga gajiyar da yake yi idan ya daɗe da nauyi a kai. A ce kwalin man kaɗe ne mai kilo 25, an jera shida. Na ƙasa yana ɗauke da kilo 125. Ninka wannan sau huɗu zuwa biyar, ka ce wa kamfani kana son kwalin da zai jure kilo 500 zuwa 625 a injin matsa kwali, kuma su ba ka takardar gwajin. A kusurwoyi ƙarfin kwali yake, saboda haka a jera kusurwa kan kusurwa. Jerin bulo, wanda 'yan lodi suka fi so don ba ya rushewa, yana cinye ƙarfin sosai. In ya zama dole, a bar shi ga layi biyu na sama. Kwalin da ya leƙo waje daga bakin falet, wato dandamalin katakon da ake jera kaya a kai, da faɗin yatsa biyu kacal yana iya asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. A rufe da tef ɗin takarda mai gam da ake jiƙawa da ruwa, a kyale salatif, a sa maƙalan kwali a kusurwa huɗu na falet sannan a ɗaure.

Man kaɗe kam dole ya sami leda a ciki, kada kowa ya ruɗe ka. Zafin jiki ma yana narkar da shi, balle kwantenar da ta wuni a rana. Leda ɗaya mai kauri, ta abinci, wadda ba a manne ta da kwalin ba, don mai karɓa ya zare ta ya ware. Sai dai leda ta yau da kullum ba ta cika tare man injin da ke cikin tawadar tsohuwar takarda, wanda ke ratsawa cikin duk wani abu mai maiƙo, kuma ɗakunan gwaji na Turai suna nemansa. Doya akasin haka take so: ramukan shan iska da takarda, ba leda ko kaɗan.

Sauran fa? Farin soso a manta da shi. Ledar da ake yi da sitacin masara takan yi laushi da zafi ya doshi digiri 60, kuma ba ta ruɓewa sai a masana'antar taki mai zafi. Takarda mai siffar kiret ɗin ƙwai tana da amfani wajen raba kwalabe, amma a cikin kwali za ta zauna. Akwatin katako ya yi nauyi, sai ga kayan sassaƙa manya. Algarara ce kaɗai ke da hurumin kanta: kashu, 'ya'yan kaɗanya da citta suna son buhun da ke numfashi, shi ya sa koko ke barin Gana a cikinta, buhu 16 tan guda.

Inda ake tafka asara shi ne wajen saye, don tun da kalmar muhalli ta fara kawo kuɗi, jabu ya yi yawa.

Na farko ita ce ledar da mai shago zai miƙo maka yana cewa, "Alhaji, wannan da kanta take ruɓewa." Duba jikinta. Idan ka ga an rubuta oxo, ajiye ta. Leda ce ta yau da kullum da aka zuba wa sinadarin da ke sa ta farfashe ta koma ɓurɓushi, robar tana nan ba ta je ko'ina ba, kuma Tarayyar Turai ta haramta ta tun Yulin 2021. Leda mai zama taki ta gaskiya tana da shaidar EN 13432 tare da lambar satifiket da za a iya bincikawa. Koren launi da hoton ganye kowane mai injin bugu zai yi maka su.

Algarara ma iri biyu ce. Ana tausasa zarenta da mai kafin saƙa. Ta abinci da man tsirrai, ta sauran kaya da man da ya fito daga fetur. Sa hancinka cikin buhun. Idan ka ji ƙaurin kananzir, citta za ta kwashe shi, kashu ma haka. Ta abinci tana bin ƙa'idar IJO 98/01, ka nemi takardarta daga mai shigo da ita. Tsofaffin buhunan koko da ake sayarwa da araha ba ka san inda suka biya ba, wata ta ɗauki gawayi, wata albasa, wata taki. Su tsaya a cinikin gida.

A kwali, ha'incin yakan zo ne tsakanin samfur da kaya. A nuna maka kiraf, a kawo maka tsohuwar takarda da aka rina ruwan ƙasa. Yaga fatar: kiraf tana gardama, bakin yagar ya fito da dogayen zaruruwa, jabun kuwa lakadan yake yagewa, da ɗigo-ɗigon tawada a ciki. Ka auna kwali goma a sikeli ka gwada da nauyin samfurin da ka ajiye, ranar da aka kawo, kafin a biya ciko. Kwalin da aka shafe da kakin kyandir yana korar ruwa, amma masana'antar takarda ba ta karɓarsa. Karce shi da farce za ka gane. Tambarin FSC kuma, na ƙungiyar da ke shaida cewa takarda ta fito daga dajin da ake kula da shi, in babu lambar lasisi mai farawa da harafin C a jikinsa, ado ne kawai, in akwai kuma a duba ta a shafin ƙungiyar.

Mafi tsada duka shi ne hatimin falet. Ƙa'idar ISPM 15 ta ce duk katakon da ya wuce milimita 6 a kauri sai an ɓare ɓawonsa, an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na minti 30 a jere, ko an yi masa wani maganin da ƙa'idar ta yarda da shi, don kashe ƙwarin ciki. Kafinta a Sokoban, unguwar masu katako a Kumasi, zai haɗa maka falet da zai ɗauki tan guda bai motsa ba, amma ƙwarin aiki daban, gashi daban. Hatimin gaskiya yana da alamar IPPC (yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya), da GH (wato Gana), da lambar wanda ya yi gashin, da HT (wato an gasa shi), ana buga shi a gefe biyu masu kallon juna, ba da hannu ake zana shi ba, ba kuma da jan fenti ba. Akwai masu sassaƙa hatimin roba su buga wa ɗanyen katako. Ka ɗauki lambar ka kai wa jami'an PPRSD, sashen kare tsirrai na ma'aikatar noma, su tabbatar mai ita yana cikin rajista. Ƙwaro ɗaya mai rai da aka gani a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam ya isa a tsare kwantena, kuɗin jira na hawa kullum, ko a lalata katakon ko a juyo da kayan. Idan an gyara falet da sabon katako, shi ma sai an gasa shi an yi masa hatimi. Falet ɗin filawud ko na matsattsen garin katako ba ya cikin wannan doka, ga mai son kauce wa rigimar gaba ɗaya.

HT kuma ba ya nufin katakon ya bushe. Falet mai ruwa a jiki shi zai fara jiƙa kwalin ƙasa tun kafin a bar Tema. A soka masa na'urar awon danshi, in ya haura kashi 20 a mayar da shi. Ranar lodi wani ya shiga kwantenar a rufe ƙofa a kansa: duk inda ya hango haske, nan ruwa zai shigo. A shimfiɗa takarda kiraf a ƙasa da saman kaya, a rataye jakunkunan shanye laima a ƙugiyoyin bango, kuma kada a yi lodi ana ruwan sama.