Tilo ko tagwai: wane jirgin ruwa za ka tare a ciki?

Injiniya, jiya da daddare ka ce in ka ajiye aiki kana so ka sayi jirgin ruwan nan da iska ke turawa, ku tare a ciki kai da Hajiya da yara biyu, ku bi gaɓar teku daga Legas har Dakar. Tambayarka ita ce wanne ya fi, mai ciki ɗaya ko katamaran mai ciki biyu. Na ga wasu sun kwashe da dariya, har wani na cewa wanda bai wuce kwalekwalen Kogin Kaduna ba ina shi ina teku. Ni dai na kwana a cikin kowannensu zamanin da nake aiki a Apapa, albarkacin abokai masu hali. Bari in kira su tilo da tagwai don bakina ya huta.

Mu fara da kicin, tunda a nan Hajiya za ta yanke hukunci. Tilo, da zarar iska ta cika masa ƙyalle, wato ƙaton yadin da ake ɗagawa iska ta tura jirgin, sai ya kishingiɗa gefe guda kamar digiri 15 zuwa 20, kuma haka zai wuni. Shi ya sa rishonsa a rataye yake yana lilo, ga ƙarafa biyu sun maƙale tukunya. Na taɓa ɗaukar alkawarin tuƙa wa mutane tuwon semo a haka. Ƙafa ɗaya na tokare da kabad, ƙugu na jingine da bango, muciya a hannu, tuwo kam ya tuƙu, amma miyar kukar da na sauke na ajiye a tebur a ƙasa muka kwashe ta. Tagwai bai san wannan ba. Ka ajiye kofin shayi, ka je ka dawo, yana nan inda ka bar shi. Haka salla: a tilo in ana tafiya sau da yawa a zaune nake yi, a tagwai kuwa ka shimfiɗa darduma a falo ka tsaya cak. Alwala ba damuwa a dukansu, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne. Sai dai jirgin da ke kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi, yana juyawa da iska, ka kabbarta kana duban gabas, ka sallame kana duban kudu.

Wajen fili ma ba a haɗa su. Ɗauki jirage biyu masu tsawon mita 12. Faɗin tilo kamar mita 4 ne, na tagwai ya doshi 7. A tilo tsani kake bi ka gangara ciki kamar mai shiga rijiya, kuma in rana ta take, cikin sai ka ce gidan burodi. Tagwai falonsa a sama yake, tagogi ko'ina, ɗakuna biyu a wannan ciki, biyu a wancan, tamkar gida mai sassa biyu. Wani abokina cewa yake don mai mata biyu aka ƙera shi. Rufinsa kuma na ɗaukar farantan sola da yawa, kai da ka saba da inbata da batura a Barnawa ka san abin da hakan ke nufi: firji ba ya mutuwa, injin tace ruwan gishiri na aiki. Ka tuna kuma mai zama a jirgi yawancin kwanakinsa a tsaye yake kan anka, ba tafiya yake ba. A nan igiyar ruwa kan yi ta jijjiga tilo dama da hagu har asuba, tagwai na barcinsa.

To, daga nan labari ya juya.

Kuɗi. Tagwai mai tsawo ɗaya da tilo yakan kai kusan ninki biyu a farashi. Inji biyu ne, kan tuƙi biyu a ƙarƙashin ruwa, duk abin da ya lalace sau biyu za ka saya. A matsayar jirage sukan caje shi kuɗin jirgi ɗaya da rabi saboda faɗinsa. Kusan duk shekara sai an ɗaga jirgi a kankare ƙwarin teku da suka manne masa a sake fenti, kuma na'urar da za ta ɗaga mai faɗin mita 7 ba ko'ina ake samunta a yankinmu ba. Cikin samfuran tagwai, Lagoon da Fountaine Pajot na Faransa ne, Leopard a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ake ƙera shi, duk da kuɗin waje za ka yi magana. Su kuwa tilo na hannu, irin su Beneteau da Jeanneau da Bavaria, sun cika kasuwar Turai kamar motocin Kwatano.

In teku ta fusata, kowanne da irin aibinsa. Tilo yana da ƙaton nauyi na ƙarfe ko dalma a ƙasansa, wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin, ko ruwa ya kwantar da shi zai miƙe da kansa, amma in ya huje sosai nauyin nan ne zai ja shi ƙasa. Tagwai da wuya ya kife, in ya kife kuwa ba ya tashi. Abin da ya fi ba ni tsoro da shi, ba ya kishingiɗa balle ya gargaɗe ka cewa iska ta yi yawa. Sai ka sa wa ma'aunin iska ido ka rage ƙyalle da wuri.

Yanzu hanyar da ka zaɓa, wadda ita ce ainihin maganar. A Tekun Gini iska daga kudu maso yamma take busowa yawancin shekara, ruwan kansa kuma gabas yake gudu. Wanda ya bar Legas ya nufi yamma, da iska da ruwa duk a goshinsa suke. Tilo yana iya yankar iska a karkace, kamar digiri 45, ya yi ta saƙa dama da hagu yana ci gaba. Tagwai a wannan fagen rago ne, igiya na dukan ƙasan falonsa kamar ana sara itace, ƙarshenta ka kunna inji ka yi ta ƙona dizal. Gaɓar kuma ba ta da wuraren fakewa. Kwatano, Lome, Tema, Takoradi, Abijan, duk tashoshin manyan jiragen kaya ne. Ga hazon hunturu da ke rufe ido daga Disamba zuwa Fabrairu. Ga 'yan fashin teku: a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a Tekun Gini ne. Abin ya lafa sosai tun daga 2021, amma jirgin da ke tafiyar kilomita 10 zuwa 12 a awa, da mace da yara a ciki, ni ba zan kai shi can ba. Mu da muka ga yadda hanyar Abuja ta taɓa zama ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Don haka da ni ne kai, in aljihu ya yarda, tagwai zan saya, amma ba a Legas zan ajiye shi ba. Sanagal ko Gambiya zan kai shi. Kogin Gambiya da kogunan Salum da Kasamas na Sanagal ruwa ne mai kwanciya, ga wurare marasa zurfi, inda tagwai mai nutso kamar mita 1.2 zai shige, tilo mai mita 2 ya tsaya jiran ruwa ya cika. In kuwa kuɗin sallama ne kaɗai a hannu, tilo na hannu mai lafiyayyen inji ya fi maka tagwan da zai cinye fanshonka a gyara.

Kafin ka biya ko sisi, ka ɗauki Hajiya ku je Legas. Kulob ɗin masu irin waɗannan jirage, Lagos Yacht Club, yana nan tun 1932, ka nemi wanda zai fita da ku ku wuce Tarkwa Bay, ku fita bakin tashar inda igiyar gaske take, ku yi wuni guda. Ku tafi da ɗanyar citta saboda tashin zuciya, kuma kada kowa ya karya da abu mai maiƙo.