Netflix, Canal+ ko YouTube: wanne ya dace da gidanka?

Salamu alaikum ƴan uwa. Satin da ya wuce ƙanena da ke Tawa ya bugo min waya, ya ce Yaya na sayi tele mai shiga intanet, wane abonema zan yi? Na ce masa dakata tukuna kar ka fidda ko dala, don ni nan Yamai na gwada kusan dukkansu, kuma na gane abu biyu ya kamata mutum ya duba kafin farashi: wa zai kalla a gidan, kuma forfe, wato data ta intanet, nawa abin zai ci.

Mu fara da Netflix tunda shi ne a bakin kowa. Ya iso Afirka a 2016, kuma gaskiya ya zuba kuɗi a fim ɗin Najeriya, ya sayi Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018, a 2022 ya fito da Blood Sisters da Aníkúlápó, hoto tas, sauti tas, aiki ne na ƙwararru babu musu. Prime Video na Amazon ma ya shigo Najeriya a 2022 amma farkon 2024 ya daina ɗaukar nauyin sabbin shirye-shirye a Afirka. To amma fa kusan duk wannan harkar ta Legas ce, Turanci da Yarbanci. Ko fim ɗin Amina ta Zazzau da ya hau a 2021 da Turanci aka yi shi, na kunna wa Inna da murnata, ta zauna kan tabarma kamar minti goma tana kallon dawakai da rawuna, sai ta ce ɗan nan ni ban ji abin da suke cewa ba, ta tashi ta shige ɗaki. Abin ya taɓa ni wallahi.

Sannan biyansa sai da kart na banki, Visa ko Mastercard, mu kuwa yawancinmu kuɗinmu a waya yake. Ga cin forfe: su da kansu sun ce awa guda tana cin wajen jiga 1 a hoto matsakaici, har jiga 3 in ka sa mai kyau sosai. Ka lissafa fim mai kashi goma a tele babba, za ka ga kuɗin koneksiyon ya ninka na abonema. In babu wifi a gidanka ni ban ba ka shawara ba, sai dai a waya ka sa tsarin tsimin data, shi jiga 1 kan kai ka wajen awa 6.

Canal+ kuwa lissafinsa daban, faranti da dekoda ne, ba ruwansa da forfe, ka biya na wata gida duka a kalla, yara da baƙi da maƙwabta. Mai son ƙwallo nan ne wurinsa. Akwai finafinan Najeriya da aka juya zuwa Faransanci a Nollywood TV, Canal+ ɗin ma ya sayi ROK, kamfanin shirya finafinai na Legas, a 2019 don wannan. Sai dai in kuran ya ɗauke shikenan, in hadari ya haɗu da damina hoto ya tsaya, kuma kai ke bin lokacinsu.

Yanzu inda zuciyata take, na Hausa. Arewa24 ta fara a 2014 kuma ita ta koya wa gidajenmu jiran shiri mai dogon zango mako-mako, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, tana kuma da manhajarta ta waya. Akwai Northflix da Kallo.ng da aka buɗe musamman don finafinan Hausa, ina son su ɗore har raina, amma farashinsu da naira ne, don haka ka fara tabbatar akwai hanyar biya daga nan kuma ka duba yaushe suka sa sabon abu kafin ka tura kuɗi.

Amma in za a faɗi gaskiya YouTube ne ya kwashe kasuwar. Labarina na Aminu Saira a tashar Saira Movies, Izzar So a Bakori TV, kyauta, talla ce ke biyansu. Ka sa hoto a 360p, a waya ya isa, ko ka sayi forfen dare ka sauke a cikin manhajar ka kalla da rana ba tare da rezo ya wahalar da kai ba. Roƙona ɗaya don Allah, ku kalla a tashar masu fim ɗin. Na san turawa a kart memuwa wajen masu kiyos ta fi arha, ɗari biyu a cika maka waya, amma wanda ya biya ƴan wasa da mai kamara da mai janareta ko sisi ba ya samu daga nan.

Abin da na ce wa ƙanen nawa: tunda matarsa da surukarsa Hausa suke so, shi kuma ƙwallo, ya sa ƙaramin abonema na Canal+ da ke da wasannin da yake bi, sauran kuɗin ya sayi forfe na wata don YouTube. Netflix ya bari sai ranar da ya ja wifi gida, in ya ja ɗin ma ya gwada wata guda tukuna ya ga ko ana kunna shi.