Ranar da aka ƙi sayar min da murjani

Da kuɗina a hannu, wata tsohuwa mai shagon kifin ado a nan Jamus ta ce ba za ta sayar min da murjani ba, wato mai rai, wanda ake kiwo a tankin gilashi mai ruwan gishiri. Ta tambaye ni alkalinitin ruwan tankina, wato ƙarfinsa na kashe tsami, nawa ne. Na ce mata ai ruwan garau yake, har ƙasa ake hangowa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in je in ɗebo ruwan a kwalba tukuna. Ga mutane a bayana. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na kawo. Ta zuba kaɗan a 'yar kwalba, ta sa wani ruwa mai launi, sannan ta riƙa ɗiga asid da sirinji, ɗigo ɗaya ta girgiza, ɗigo ɗaya ta girgiza, har launin ya juya. Ta karanta: 5.5. Ruwan teku na asali kusan 7 ne a dKH, wato ma'aunin alkaliniti, masu kiwon murjani kuma tsakanin 7 da 11 suke riƙe nasu. Ashe murjanin da na riga na saka, wanda na ga yana ta yin fari daga gindi, ni ke kashe shi.

Alkaliniti dai ƙarfin da ruwa ke da shi ne na kashe tsami, irin aikin kanwa. Murjani yana zuƙar kabonet da kalsiyam daga ruwa ya gina ƙashinsa, don haka kullum abin raguwa yake, ido kuwa ba ya gani. Na ce to a ba ni bekin soda, tunda yana ɗaga alkaliniti, in zuba da yawa a huta. Nan ma ta hana. Kada a ɗaga fiye da dKH ɗaya a rana, domin illar hawa da sauka ta fi illar ƙarancinsa. Kada a haɗa sodan da ruwan kalsiyam a mazubi ɗaya, sai su daskare su koma farin gari. Kalsiyam ya tsaya wajen miligiram 420 a lita, sinadarin magniziyam wajen 1300, in ba haka ba alkalinitin ba zai zauna ba.

Abin da ya tsaya min a rai, ciniki ta bari ya tafi don kada kayanta su mutu a hannuna. Mu a gida fa? Mai kaya ya ce maka “ba matsala, Alhaji”, kai ma ka auna da ido ka ce ya yi, in abu ya lalace a ce ƙaddara. Amma kuma ko sannu matar nan ba ta ce min ba, kuma a ranar na yi kewar mai cewa ba matsalar.

Yanzu sau biyu a mako nake gwaji, kullum a daidai lokaci guda, ina rubutawa a littafi. Sai da na kai mata shafi uku cike da 8 sannan ta ɗauko min murjanin.