Citta ko hulba: wacce ta fi sauƙaƙa ciwon mara lokacin al'ada?

Hajiya, kin yi tambaya a kan 'yarki wadda ciwon mara ke kwantar da ita duk wata har ta kasa zuwa makaranta, kuma maƙwabtanki a Aboabo sun rabu biyu, wasu na cewa a ba ta citta, wasu na cewa hulba ce maganin. A ganina a fara da citta.

Ciwon yana tasowa ne daga wani sinadari da ake kira furostagilandin, wanda bangon mahaifa ke fitarwa gab da zuwan jini. Shi ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa tana matse jijiyoyin jininta, shi ya sa azabar ta fi yawa a rana ta farko da ta biyu, wani lokaci har da tashin zuciya da gudawa. Duk abin da zai rage wannan sinadari zai rage ciwon, kuma aikin da ibuprofen ke yi ke nan.

Citta tana bin wannan hanyar. Yajin da ake ji a ɗanyarta daga sinadarin jinjarol yake, idan kuma aka shanya ta ko aka dafa, wani ɓangarensa ya rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya fi shi zafi a harshe, kuma dukansu biyu suna rage yawan furostagilandin da jiki ke haɗawa. A wani gwaji da aka yi a Iran, aka buga sakamakonsa a 2009, an ba ɗalibai mata miligiram 250 na garin citta sau huɗu a rana tsawon kwana uku, sauƙin da suka samu kuwa bai bambanta sosai da na waɗanda suka sha ibuprofen ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun yi amfani da miligiram 750 zuwa 2000 a rana, wato daga kusan rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya. Ɗan abin da ke cikin kokon safe ko sobolo da wuya ya kai haka, balle idan sukari ya rinjaye shi. Illarta mafi yawa ita ce ƙwarnafi, saboda haka a sha bayan an ci abinci, mai shan maganin tsinka jini kuma ta fara tambayar likita. Ga ta da araha, tunda ana noma ta a nan yankin Ashanti, kuma a Kejetia za ki iya ɓantara ki shinshina kafin ki biya.

Hulba kuwa shigo da ita ake yi, galibi ana samunta a shagunan magungunan Musulunci, sau da yawa an riga an niƙa ta. Ƙwayarta tana ɗauke da diyosjenin da tirigonelin, da wani abu mai yauƙi da ke kumbura idan aka jiƙa ta, da kuma sotolon, mai sa ƙamshinta ya riƙa fita a gumi da fitsari, abin da 'yan mata da yawa ba sa so. An gwada ta ita ma an ga alamar sauƙi, sai dai gwaje-gwajen ba su kai na citta yawa ba, kuma bitar da cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar a 2016 ta ce hujjar da ake da ita a kan dukansu biyu mai rauni ce. Inda hulba ta fi buƙatar hattara shi ne tana sauke sukarin jini, ba a so mai juna biyu ta sha ta a matsayin magani, kuma dangin wake ce, don haka wadda gyaɗa ke sa wa borin jini tana iya fuskantar irin wannan da ita.

Lokacin sha yana da muhimmanci ƙwarai. A fara da zarar an ga jini ko an ji alamar farko, a ci gaba kwana uku, a haɗa da ɗumama mara da gorar ruwan zafi. Jar kanwa da wasu ke jefawa a ciki ba tsiro ba ce, gishirin ƙasa ce, kuma ban ga dalilin ba yarinya ita ba.

Idan an yi wata uku babu sauƙi, ko ciwon yana ƙaruwa, ko jinin ya yi yawa da gudaji, ko tana jin ciwon ba a lokacin al'ada ba, to ki kai ta asibitin Komfo Anokye ko na kusa da ku a yi mata hoton ciki, domin ƙarin mahaifa da wasu cututtukan mata da irin wannan alama suke farawa.