Hawan jinin ido: ɗigo, leza, tiyata ko allurar Sinawa?

Wanda likita ya tabbatar masa da gilakoma, wato hawan jinin ido, abu ɗaya zai tambaya kafin ya fitar da kuɗinsa: maganin yana sauke matsin ido har na'ura ta nuna? Matsin lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Idan matsin ya yi yawa yakan lalata jijiyar gani, ita kuma idan ta lalace ba ta dawowa, abin da ya rage ake karewa.

Ɗigo ne kan gaba, musamman latanoprost. Ɗigo ɗaya tak da daddare, a rufe ido, a danna gefensa na wajen hanci kamar minti biyu. Kwalbar da ba a buɗe ba a firji take zama, shi ya sa wadda ta kwana a kantar kemis cikin zafin bazara ba abin saye ba ce. Timolol ya fi araha, amma mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya ya faɗa wa likita tukuna. Idan ɗigo iri biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu.

Leza, wato aikin ido da hasken na'ura, ta dace da mai yawan manta ɗigonsa, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba. Tiyata sai ɗigo ya gaza. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna na yi.

Allurar Sinawa, wadda ake tsira siraran allurai a fuska, hannu da ƙafa, ƙari ce kawai. Binciken da aka tattara bai nuna tana hana ciwon ci gaba ba. Mai so ya yi ba tare da ajiye ɗigonsa ba, allurar ta zama sabuwa daga leda saboda ciwon hanta, kuma kada a tsira ta dab da ƙwayar ido.

Macuta a nan suke cin kasuwa. Duk wanda ya ce ku daina ɗigo, ko ya yi alƙawarin dawo da gani, ku tashi ku bar masa wurin. Yawanci ciwon ba ya zafi, sai mutum ya ɗauka ya warke alhali gefen ganinsa na tafiya. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ɗigon jan ido mai dexamethasone da ake saya ba takarda yana iya ƙara matsin. Kwalba marar suna a tasha ko bakin masallaci kuwa, ko kyauta ce kada ta taɓa ido.