Shekara ɗaya da na yi a hostel, ga abin da na gani

Ni dai tun farko ban taɓa son zaman hostel ba gaskiya. Shekara biyu na yi ina zuwa makaranta daga gidan kawuna a cikin gari, kuma duk ranar da na raka wani aboki ɗakinsu na ga shanya ta ko'ina ga warin banɗaki tun daga bakin ƙofa sai in ce Allah ya raba ni da wannan rayuwa. Dole ce ta kai ni. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita ya ninka, ni kuma hawa biyu nake yi kafin in isa get, dawowa ma biyu. Kuɗin da Baba ke turo min na wata kafin ashirin ga wata sun ƙare a titi, ban ci ba ban yi fotokwafi ba. Ranar da na rasa tes ɗin ƙarfe 8 saboda na kusa awa ɗaya a tsaye ina jiran abin hawa, malamin kuma ya ce shi ba ya maimaita tes, ranar na yanke shawara. Da muka shiga aji uku na nemi gado, Allah ya sa na dace.

A gadon da ke saman nawa akwai wani ɗan Binuwai mai karanta injiniyarin, tun satin farko muka samu saɓani da shi a kan ruwa, na tara bokiti ɗaya tun asuba na tafi lakca, na dawo na tarar ya yi wanka da shi. Na faɗa masa maganar da ba ta da daɗi shi ma ya mayar min, daga nan ko gaisuwa sai ta kama dole. Wata biyu muna haka.

To cikin jarabawa, da damina, zazzaɓi ya fara min tun da yamma, na sha farasitamol na kwanta ina cewa gajiyar karatu ce. Wajen ƙarfe biyun dare jikina ya kama karkarwa har gadon ƙarfen yana motsi, haƙorana na haɗuwa, na yi amai sau biyu a bokitin nan dai da muka yi faɗa a kansa. Motsin gadon ne ya tashe shi. Ya diro ya taɓa goshina ya ce da Hausarsa da ba ta gama nuna ba, "Malam, tashi mu je asibiti." Na ce a bari sai da safe. Ya ce "Babu safe, yanzu." Da na miƙe ƙafata ta ƙi ɗaukata, wallahi bawan Allah nan bai tsaya wata shawara ba ya durƙusa ya goya ni kamar ƙaramin yaro, ɗaya abokin ɗakinmu ɗan Gusau ya laluba jakata ya ɗauko katina yana haska mana hanya da fitilar waya, ga yayyafi ga taɓo, silifas ɗin ɗan Binuwai ɗaya ya tsinke a hanya ya yar da shi ya ci gaba da ƙafa. Tafiyar da ba ta wuce minti goma ba idan kana da lafiya, sau biyu yana sauke ni ya huta ya sake ɗauka, ina jin numfashinsa da gumin bayansa, ni kuma kunya da ciwo sun haɗu sun hana ni cewa komai.

A asibitin makaranta aka ɗebi jinina aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi yawa, aka yi min allura aka sa min ƙarin ruwa leda biyu. Ko sisi ban biya ba a daren, ashe wannan kuɗin inshorar lafiya da ake haɗawa cikin kuɗin makaranta, wanda kullum in na gan shi a rasit nake ƙorafi, ranarsa ke nan. Ɗan Binuwai a kan benci ya kwana, ƙafa ɗaya ba takalmi. Da gari ya waye ɗan Gusau ya kawo min kunu da ƙosai, wani ɗan ajinmu da ke ɗakin da ke kallon namu ya zo da handawut ya zauna a gefen gado yana karanta min ina sauraro ido rufe, washegari da kanula a hannuna na shiga jarabawa kuma na ci kwas ɗin. Na sha tunanin da a gidan kawu abin ya same ni, kawu ba shi da mota, unguwar kuma daga sha biyun dare ba ka ganin adaidaita ko ɗaya, sai dai a yi ta shafa min ruwa har asuba. Mama da na ba ta labari a waya kuka ta yi, ta ce "Wannan yaron ɗan uwanka ne daga yau," da na dawo hutu ta ba ni ƙuli-ƙuli da dambun nama na kai masa.

Sauran amfanin kowa ya san su, ka tashi bakwai da rabi ka samu lakcar takwas, ka yi karatun dare a aji har asuba ba mai ce maka an rufe gida, ga laburare ga masallaci a kusa. Sannan kuɗin gado ba ya kama ƙafar haya a waje, ina da abokin da ya biya hayar shekara a Janairun 2022, ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu ba a dawo ba sai Oktoba, wata takwas ɗaki a kulle yana gida, da ya dawo mai gida ya ce saura wata uku ya sake biya.

Amma fa tun da na ambaci bokiti raina ya sake ɓaci, don maganar ruwan nan ba ƙaramin abu ba ne. Sai a yi kwana uku famfo ko ɗigo, ka tashi ƙarfe huɗu ka sa bokiti a layi ka dawo ka tarar an ture shi gefe, ranar da ba ruwa kuwa banɗaki ba ya shiguwa, na sha tafiya har fakalti da sassafe don kawai in kama ruwa. Ɗakin da aka rubuta na mutum huɗu mu tara ne a ciki, kowa da ɗan garinsu da ya rasa gado, da dare ka tashi fitsari sai kana tsallake mutane a ƙasa, kuma ba za ka iya cewa komai ba don ka san shi ma ba shi da inda za shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waɗanda ke kama gado a fotal, wato shafin makaranta na intanet, alhali gidansu na cikin gari, sannan su sayar wa wanda ya taho daga nesa ninki uku ko huɗu, wannan zalunci ne, kuma mai yi ɗalibi ne ɗan uwanka da kuke zama aji ɗaya. Ga kuɗin cizo, mun fitar da katifu rana mun zuba fiya-fiya a lungun gadaje, sati biyu suka dawo, har yanzu akwai tabo a damtsena. Wayata kuma da na sa caji na shiga wanka minti biyar, na fito sai caja kawai a jikin soket, cikinta akwai hotunan rubutun lakcocina na zango guda, har yau in na tuna sai in ji kamar in tattara kayana in koma gidan kawu in ci gaba da biyan kuɗin adaidaitan, don a can ko ba komai ba wanda ya taɓa ɗaukar min ko allura.

Ƙanwata za ta shigo bana ta tambaye ni, na ce ta nemi gado amma ta zo da bokiti biyu da jarka da kwaɗo mai kyau da gidan sauro, kuma kada ta bar waya a caji ko da za ta leƙa ƙofa ne. Ni ma sati mai zuwa za a buɗe fotal, mun yi magana da ɗan Binuwai da ɗan Gusau za mu zauna tare tun dare mu gwada ko za mu samu ɗaki ɗaya, na riga na sayi data na ajiye.