Zuwa ga Yaya, game da titi da shago a Basalona

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya da sauran mutanen gida, na zauna ne in amsa tambayar da ka yi mini a waya ranar Juma'a, wadda na ce maka ba za ta amsu a tsaye ba. Ka ce an yi maka tayin shago a wata sabuwar filaza da aka gina a bakin babban titi, mai wurin ajiye motoci a gabanta, kuma kana tunanin sakin rumfarka ta Kantin Kwari saboda cunkoso ya ishe ka, sannan ka nemi in gaya maka yadda 'yan kasuwar nan suke yi. Tun 2016 nake Basalona ta ƙasar Sifaniya, kuma mafi yawan shekarun nan na yi su ne ina aiki a wani shagon naman halal kusa da unguwar Sant Antoni, ina sauke kaya da asuba, ina yanka, ina kai wa gidajen abinci a kan keke. A gaban idona aka sauya fasalin titunan unguwar, don haka abin da zan faɗa maka gani ne, kuma gani ya kori ji.

Sai ka fara sanin yadda garin yake a shimfiɗe. Basalona ma tana da ganuwa a da, kamar Kano, kuma a 1854 aka fara rushe ta saboda mutane sun yi wa cikin birni yawa. Wani injiniya mai suna Ildefons Cerdà ne ya zana sabon ɓangaren gari a 1859, wanda ake kira Eixample, ma'ana faɗaɗawa. Ya yanka filin rukuni-rukuni kamar gidajen dara, kowane rukunin gidaje tsawonsa kimanin mita 113, yawancin titunan da ke tsakani faɗinsu mita 20, kuma ya sare kusurwowin kowane rukuni ta yadda duk mahaɗar titi za ta buɗe kamar ƙaramin dandali. Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa a wannan tsari shi ne benayen: ƙasa shaguna ne, sama gidajen kwana ne hawa biyar ko shida. Mai sayen burodi a saman mai gasa burodi yake kwana, kuma wannan kaɗai ya ishi shago ya rayu.

Da motoci suka yawaita, sai suka cinye titunan da hayaƙi da ƙara. A zamanin magajiyar gari Ada Colau, wadda ta riƙe birnin daga 2015 zuwa 2023, aka ɗauki wani tsari da masanin muhalli Salvador Rueda ya daɗe yana kira a kai, wanda a harshen Kataloniya, yankin da Basalona take, ake cewa superilla, wato babban rukuni. A asalin tunanin, ana haɗa rukuni tara su zama guda, manyan motoci da bas su riƙa bi ta kewaye, a ciki kuwa mota tana iya shiga amma ba ta wuce gudun kilomita 10 a awa, kuma ba ta iya ratsawa kai tsaye ta fita ɗaya gefen, dole ta karya kwana ta koma babban titi. An fara gwadawa a unguwar Poblenou a watan Satumba na 2016, inda mazauna da dama suka fito suna nuna rashin amincewa, daga baya aka zo tamu unguwar.

Kasuwar Sant Antoni ita ce cibiyar aikin, kuma a nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. Tsohon gini ne na ƙarfe da aka buɗe a 1882, ya cinye rukuni guda cif, an yi shi da fikafikai huɗu da suka haɗu a tsakiya. A 2009 aka rufe shi domin gyara, ba a sake buɗewa ba sai watan Mayu na 2018, kuma daga cikin abin da ya ja aikin har da ragowar tsohuwar hanyar Rumawa da ta ganuwar birni da aka tarar a ƙasa lokacin haƙa, waɗanda aka bar su a fili kowa yana gani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi da 'yan kasuwar a waɗannan shekaru tara. Ba a ce kowa ya kwashe kayansa ya nemi inda zai raɓa ba. An kafa musu manyan rumfuna na wucin gadi a kan titin Ronda de Sant Antoni, taku kaɗan daga tsohon wurinsu, da ruwa da wuta da wurin sanyaya kifi, ta yadda abokan cinikinsu ba su ɓace musu ba. Da na iso a cikin rumfunan nan na same su, kuma da aka gama gyara na ga fuskoki da yawa da na sani sun koma cikin ginin. Kai da ka san abin da ake nufi da a tashi ɗan kasuwa daga inda aka san shi, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Bayan buɗe kasuwar, mahaɗar titunan Comte Borrell da Tamarit, inda da motoci ke jerin gwano, ta koma fili mai bishiyoyi da bencina da famfon shan ruwa. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa shagonmu kusan kullum da misalin ƙarfe goma na safe, tana jan jakarta mai taya, ta sayi ƙirjin kaza guda ɗaya tak, a auna mata a sikeli, a ba ta rasit. Daga nan sai ta shiga kasuwa ta sayi tumatir uku da kifi biyu, ta tsaya wurin mai magani, ta zauna a benci ta huta tare da ƙawayenta, sannan ta koma gida, duk a cikin tafiyar da ba ta kai minti goma ba. A rana guda ta taɓa shago huɗu ko biyar, kuma gobe za ta sake. Kafin gyaran ɗiyarta ce ke zuwa mata sayayya sau ɗaya a mako, domin ita tana tsoron tsallaka titi. Mai mota kuwa, iyakar abin da na lura, wuri ɗaya yake nufa, ya cika bayan motarsa, ya wuce sauran shaguna bai ko kalle su ba. Hukumar lafiya ta birnin ma ta auna iskar wurin, ta ce gubar hayaƙin mota ta ragu da kimanin kashi 25 cikin 100.

Na san abin da za ka tambaya, domin shi ne abin da maigidanmu ya fi jin tsoro: ta ina kaya za su shigo? Amsar ita ce an ware wa lodi wurinsa da lokacinsa. A kasuwar, motocin kaya ƙarƙashin ƙasa suke shiga su sauke, inda kuma aka yi wurin ajiye motoci da babban kanti. Mu na kan titi akwai gurabun da aka shata wa masu sauke kaya, yawanci minti 30 ake ba mota, kuma wanda ya zarce tara ce. Motarmu tana tasowa daga Mercabarna, babbar kasuwar sari da ke gefen gari, ta iso tun kafin yara su fito makaranta, mu kwashe a amalanken hannu. Ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci direba yakan zagaya sau biyu kafin ya sami gurbi, kuma yakan iso rai a ɓace, amma ban taɓa ganin ranar da nama ya kwana a mota saboda an rasa hanya ba.

Game da kaya da hidima, akwai inda suka fi mu, akwai kuma inda muka fi su nesa ba kusa ba. A nan kowane kaya da farashinsa a rubuce, sikeli yana fuskantar mai saye, kuma yawancin kantunan tufafi suna karɓar kaya idan ka mayar da rasit a hannu. Wuta ba ta ɗaukewa, shara tana da manyan mazubai a kan titi, kowane iri da launinsa, ana kwashewa da dare, kuma da katin tafiye-tafiye kana iya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka hau bas cikin minti 75 ba tare da ka sake biya ba. Amma babu tayi, babu ragi, babu gyara, kuma babu mai shagon da zai buɗe maka littafin bashi har ƙarshen wata don ya san mahaifinka. Ƙananan shaguna da yawa suna rufewa da rana daga wajen ƙarfe biyu zuwa biyar, ranar Lahadi kuma yawancinsu a kulle suke, sai kantunan 'yan Pakistan da ke kaiwa dare. Doya da manja da kuɓewa ana samunsu a shagunan 'yan Afirka da tsada, daddawa da kuka kuwa sai wani ya zo daga gida. A harkarku ta yadi ba su kama ƙafarku ba, domin abin da ke layi ɗaya a Kwari na atamfa da shadda da leshi ban gan shi a duk faɗin garin nan ba.

Yanzu kuma ga ɓangaren da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Da unguwar ta yi kyau, sai kowa ya so ta, kuɗin haya kuma ya tashi. Titin Parlament ya cika da wuraren shan kofi na matasa da baƙi 'yan yawon buɗe ido, kuma mai gyaran takalma da mai sayar da kayan ɗinki da na sani a kusa da mu duk sun rufe da yarjejeniyar hayarsu ta ƙare. Ni kaina ɗakin da nake haya mai gidan ya ƙi sabunta mana, na koma L'Hospitalet a wajen gari, yanzu a jirgi nake zuwa unguwar da aka gyara domin masu tafiya a ƙasa. Matsalar gidaje ta kai har magajin gari na yanzu, Jaume Collboni, ya sanar a watan Yuni na 2024 cewa zuwa Nuwamba na 2028 za a kawo ƙarshen lasisin gidaje kimanin 10,000 da ake ba 'yan yawon buɗe ido haya. Su ma 'yan kasuwar ba bakinsu ɗaya ba: da aka mayar da dogon titin Consell de Cent na masu ƙafa, wata ƙungiyarsu ta kai ƙara, kuma a watan Satumba na 2023 kotu ta ce a mayar da shi yadda yake, ko da yake har yanzu titin yana nan da bishiyoyinsa. Sannan titin nan mai tsabta ba shi da gurbin ɗan tebur ko mai talla. 'Yan'uwanmu 'yan Senegal da ke shimfiɗa kaya a kan zane suna ɗaura igiya a kusurwoyinsa huɗu, domin da sun hango 'yan sanda su ja igiyar, zanen ya zama ƙunshi, su saɓa a kafaɗa. Duk lokacin da na ga haka nakan tuna yawan gidajen da tebur da talla suke ciyarwa a Kano, kuma ba na fatan a kwafo mana wannan ɓangaren.

Abin da na fahimta a shekarun nan shi ne, abin da Turawan nan suke kashe maƙudan kuɗi su dawo da shi muna da shi tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi. Ka tuna yadda Hajiya take aiken mu tun muna yara, mu bi lungu mu sayo mai da gishiri da kayan miya, mu gaida dattawan da ke kan dakali, mu dawo ba mu tsallaka titin mota ko ɗaya ba. Yau aikin da aka fi yabawa a gida shi ne gadar sama da ta ƙasa, alhali mafi yawan mutanen gari a ƙasa suke tafiya ko a-daidaita-sahu suke hawa, musamman tun da aka hana achaɓa a 2013, kuma shagon da gada ta bi ta gabansa kowa ya san yadda cinikinsa yake komawa. Cunkoson Kwari da ya ishe ka mutane ne, kuma mutanen nan su ne kasuwar. Abin da wurin ya rasa shi ne hanyar da aka bar wa masu ƙafa da 'yan dako, da lokacin sauke kaya, da inuwa, da magudanar ruwa da ba a yi gini a kanta ba, kuma ambaliyar da ta shiga shaguna a daminar 2022 ta nuna muku tsadar rashin wannan na ƙarshen.

Saboda haka shawarata, in ka yarda da ta ƙaninka, kada ka saki rumfarka tukuna. Ka je filazar nan ranar Talata da hantsi, ka zauna awa guda ka ƙirga mutum nawa suka wuce ƙofar shagon da ƙafa, ka sake komawa bayan la'asar ka ƙirga, sannan ka yi irin wannan ƙirgen a layinku. Ka duba ko akwai gidajen kwana a bayanta da mata za su iya fitowa daga cikinsu ba tare da sun tsallaka titi mai hannu biyu ba, ka kuma tambayi mai ginin shekara nawa zai rubuta maka a takarda ba tare da ƙarin haya ba. Idan kuma kuna da zama da shugabannin layinku, ka kawo maganar ware awannin sauke kaya da safe, domin wannan ba ya buƙatar kuɗin gwamnati, yarjejeniya ce tsakaninku. Na ɗauki hotunan mahaɗar Borrell da Tamarit da na gurbin lodin da ke gaban shagonmu, zan turo maka ta WhatsApp ka nuna musu.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata kukar da ta aiko ta iso lafiya, kuma in Allah ya yarda ina nan tafe bayan babbar salla.

Ƙaninka, daga Basalona.